Janar a Kan Tabarmar Inna

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a wata firamare da ke Gyallesu, na taso daga aiki wata rana na tarar layinmu na Tudun Wada ya cushe da manyan motoci. Mai keken da ya ɗauko ni ya ja ya tsaya tun daga bakin titi, ya ce, "Malama, sai dai ki ƙarasa da ƙafa. Ko dai wani babba ya rasu a layin nan, ko kuma ana rabon wani abu." Na sauka na nufi gida da sauri, don a ƙofar gidan mahaifiyata motocin suka fi taruwa. Ashe babu wanda ya rasu. Yayana ne ya zo gida, 'yan siyasa suka biyo shi.

Bari in ɗan koma baya don ku gane inda aka dosa. Mahaifinmu soja ne, kuma ba mutumin Zariya ba ne. Daga wani ƙauye ya fito a wata jiha, aiki ya kawo shi nan, ya ga mahaifiyata ya aura, ya gina ɗan gidansa a Tudun Wada. Ina goye aka tafi da shi yaƙi, bai dawo ba. Inna, haka muke kiran mahaifiyarmu, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta rene mu. Tun daga lokacin ta ƙi jinin kaki. Ko soja ta hango a kasuwa sai ta sake hanya.

To, sai ga shi ɗanta na fari, yana gama sakandare, ya je ya zauna jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ba da saninta ba. Sai da aka ɗauke shi ya zo ya durƙusa ya faɗa mata. Ba ta yi masa baki ba, amma ba ta ce komai ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule. Da ma ga alkunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "shi wancan". Sai shirun ya zama biyu.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. An tura shi ƙasashen da ake yaƙi don raba faɗa, ya dawo daga ɗaya da harsashi a kafaɗa. Duk lokacin da ya tafi, Inna da rediyonta ba sa rabuwa. Akwai maƙwabciyarmu, tsohuwar nas ce, Kirista, muna ce mata Mama. Ita ce take zuwa ta zauna da Inna su saurari labarai, in an ambaci ƙasar da yake sai su kalli juna. Ana ta ƙara masa anini har ya kai Janar, amma ko sau ɗaya Inna ba ta je bikin ƙarin girma ba. Ni ce nake zuwa, in ci ado, in dawo ina ba ta labari tana tsince wake kamar ba ta ji.

Ranar da ya yi ritaya ya shigo gida da farar riga da hula, ranar na ga haƙoran Inna duka a waje. Ta sa aka yanka rago, aka yi waina aka raba har layi na uku. Ta ce da Mama, "Yau dai na kashe rediyo." A ganinta Allah ya dawo mata da abin da ta daɗe da sallamawa.

Ba a cika shekara biyu ba sai ga waɗannan motoci. Mutanen jihar mahaifinmu ne, sun zo suna so ya fito takarar gwamna. Shi kuma ya ce musu yana da niyya, amma ba zai ɗaga ƙafa ba sai mahaifiyarsa ta amince. Ya ce sau ɗaya ya taɓa tafiya ba da yawunta ba, kuma ba zai ƙara ba.

Na shiga na tarar da shi a tsakar gida, zaune a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, Inna tana kan kujerarta 'yar tsugunno. Mutumin da dubban sojoji suke ƙamewa in ya gifta, ga shi nan yana wasa da bakin tabarma kamar wanda ya fasa tulu.

Inna ta ce da ni, ko kallonsa ba ta yi ba, "Ki gaya wa wancan, na ba soja miji, na ba soja ɗa. Ɗayan ne aka dawo mini da shi, shi ma da rami a kafaɗa. Yanzu kuma siyasa? A soja ma ka san inda maƙiyinka yake. A'a. Ban yarda ba."

Ya ce, "To, Inna." Ya fita ya gaya wa baƙinsa su koma, zai neme su. Shi kuwa bai koma gidansa na Kaduna ba. Ya tare a tsohon ɗakinsa na zaure, da safe ya gaishe ta ya zauna a tabarmar nan, ta yi ta harkokinta, la'asar ta yi ya tashi. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Ni ce ma abin ya dama. Gaskiya tun ranar da na ga motocin nan na fara ganin kaina a matsayin ƙanwar gwamna. Har na fara sauya tafiya a makaranta, shugabarmu ta tambaye ni ko ƙafata ce ke ciwo. Kullum na taso sai na biya in yi wa Inna 'yan dabaru: yau in ce ai taimakon jama'a ibada ne, gobe in ce wance ma ɗanta kwamishina ne kuma lafiya lau. Rannan ta dube ni ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, jiniya kike so a yi miki."

Mama ce ta buɗe ƙofar. Ta shigo wata yamma ta zauna, ta ce, "Hajiya, kin ce a'a, kuma ke uwa ce, a'arki ta zauna. Amma kin tambaye shi dalili kuwa? Mutumin da ya huta, yana da fansho, yana da jikoki, me zai kai shi cikin wannan rigima?" Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Amma washegari da ya zo gaisuwa, sai na ji ta ce, tana kallon bango, "Wai me ma ake nema a can ɗin?"

Ya ce ya je ƙauyen mahaifinmu ta'aziyya, ya tarar rabin garin babu kowa. Ɓarayin shanu sun addabe su, sun hana noma, mutane sun gudu. Wani tsoho da suka yi soja tare da mahaifinmu ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai da ka je ka kashe wutar gidan wasu a ƙasashen da ba mu san sunansu ba, naka gidan fa?" Ya ce tun ranar maganar take bin sa.

Inna ta ce, "Ɗan siyasa tun bai fara ba ya iya magana. Sai na gani da idona." Ya ce zai kawo mota da direba. Ta ce ba ta so, in aka je da motarsa abin da ake so ta gani za a nuna mata. Motar haya za ta shiga, kuma ni zan raka ta.

Haka aka yi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, muka shiga motar tasha aka matse mu da buhunan albasa. Ni da nake mafarkin jiniya, ga ni da kaza a cinya, ta wani fasinja ce da ya ce in riƙe masa. Da muka bar babban titi, direba ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Gonaki ne hagu da dama, damina ta sauka, amma babu mai noma, sai ciyawa ta kai ƙugu.

Ba a ƙauyen muka samu Goggo ba, wato ƙanwar mahaifinmu. A wata firamare muka same ta, a garin da ke gaba, ita da mata da yara sun cika azuzuwa, an raba ɗaki da zannuwa. Goggo da Inna tare suka yi 'yan matancin aure, don a ɗakinta aka sauki Inna lokacin da aka kai ta ganin dangin miji. Matar da a da rumbunta uku, ita ce ta rasa abin da za ta ba baƙi sai ruwa a kofin roba. Ta riƙa ba da haƙuri tana cewa, "Ki yi haƙuri, matar yaya, ba haka kika san ni ba." Inna ta karɓi ruwan ta shanye. Ta bi azuzuwan ɗaya bayan ɗaya tana dogara sandarta, tana tambayar mata daga ina, ina mazajensu. Wasu su amsa, wasu su sunkuyar da kai.

Muna isa gida ta ce in kira shi. A karon farko a rayuwata na ga ta dube shi ido cikin ido.

Ta ce, "Ka je. Amma da sharaɗi. Na san yadda ake wannan abin, ana tara 'ya'yan mutane a ba su ƙwaya da gora. Ni na san zafin a fita da naka a ƙi dawo da shi. In aka zubar da jinin ɗan wata saboda kai, ko naka ne ko na abokin takararka, ban yafe ba. Ka ji?"

Ya ce, "Na ji, Inna. Na ɗauka."

Yaƙin neman zaɓe bai zo da sauƙi ba. Abokan hamayya suka sa masa suna "ɗan Zariya", wai baƙo ne, bai san ko hanyar kasuwa ba. Ga shi bai iya zaƙin baki ba, in ya hau mumbari sai ka ce yana ba kurata umarni. Manyan jam'iyyarsa ma sun ji haushinsa, don ya hana a ɗauki 'yan banga, ya ce duk yaron da aka gani da makami a taronsa shi da kansa zai miƙa shi ga 'yan sanda. Wani daga cikin manyan jam'iyyar ya ce da ni, "Hajiya, ki yi wa yayanki magana, siyasa ba fareti ba ce." Amma ya shiga ƙauyukan da 'yan takara suka daina shiga, ya kwana a cikinsu, ya zauna da manoma da Fulani ya saurare su. A nan ya samu mutanensa.

Ranar da aka yi zaɓe ina can babban birnin jihar, a gidan da ya mayar ofishin kamfen. An kaɗa ƙuri'a lafiya, aka shiga ƙidaya. Washegari har rana ta take ba a faɗi sakamako ba, sai raɗe-raɗi ya fara yawo cewa za a murɗe. Ana cikin haka sai labari ya zo wai an tare motar magoya bayansa an sari wani saurayi, kuma wai ya mutu.

Kafin ka ce kwabo titin gidan ya cika da matasa. Na leƙa ta taga na ga gorori da adduna, wasu da jarkokin fetur, suna ihu sai sun ƙone ofishin ɗaya jam'iyyar. Ni da nake cika baki cewa jinin soja ne a jikina, sai ga ni a kicin bayan buhunan shinkafa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Daga nan nake jin wani babban ɗan siyasa yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka bar su su ɗan nuna ƙarfi. In ba a ga hayaƙi ba, wallahi za a ƙwace." Ban ji amsar Yaya ba, sai ƙarar ƙofa.

Kunya ce ta fito da ni. Na koma taga na gan shi ya hau bayan wata a-kori-kura, shi kaɗai, babu ɗan sanda ko ɗaya a gefensa, da lasifika a hannu. Bai yi ihu ba. Ya tsaya kawai yana kallonsu har hayaniyar ta fara lafawa.

Ya ce, "Ku dube ni da kyau. Na shiga garuruwan da suka fi wannan girma, na tarar babu komai sai toka da karnuka. Kowannensu da jarka ɗaya aka fara, irin wadda ke hannunka, kai mai jar hula. Ajiye ta." Yaron ya waiga hagu da dama, ya ajiye.

Wani ya ɗaga murya daga baya, "Sun kashe mana ɗan'uwa, Janar!"

Ya ce, "Na aika asibiti a dubo. Ko ma mene ne, ni zan bi masa haƙƙinsa, ba ku ba. Amma ku ji wannan: duk wanda ya ƙyasta ashana da sunana yau, na rantse da Allah zan je gidan rediyo in ce na janye, ko da ni na ci. Na yi wa mahaifiyata alkawari, kuma kujerar nan ba ta kai alkawarin ba. Kowannenku akwai wadda take jiransa a gida."

Ya sauko, ya sa aka kawo benci aka gindaya a bakin layin da za su bi, ya zauna a kai ya harɗe hannu. Ya ce mai son wucewa sai ya tsallake shi. Babu wanda ya matsa, babu kuma wanda ya tafi. An daɗe a haka, rana tana dukan kowa. Can sai ga ɗan acaɓa ya kawo wani dattijo, mahaifin yaron da aka sara. Aka ba shi lasifika, ya ce ɗansa yana da rai, an yi masa ɗinki, har ya sha kunu. Sai ga kiran sallar la'asar. Yaya ya miƙe ya ce a kawo ruwa. Ina kallo aka jingine gorori a bango, aka yi sahu a kan kwalta, waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya gefe suna tare motoci. Da aka idar ya ce kowa ya tafi gida, suka watse.

Washegari da hantsi aka faɗi sakamako. Ya ci, kuma da tazarar da ba ta bar wa kowa bakin magana ba. Garin ya ɗauka gaba ɗaya, mata suna guɗa, masu acaɓa suna ta hon, ko tsinke ba a ƙona ba. Ni kuwa na yi guɗar da sai da muryata ta dushe. Na kira gida, Mama ta ɗauka tana kuka tana dariya, ta ce tun jiya suna manne da rediyo. Ta miƙa wa Inna. Ina jiran in ji murna, sai ta ce, "An taɓa ɗan wani?" Na ce yaro ɗaya aka ji wa ciwo, ba mutanenmu ne suka yi ba, kuma yana samun sauƙi. Ta ce, "Ki ce ya je ya duba shi kafin ya karɓi gaisuwar kowa." Ya je kuwa.

Ranar rantsuwa Inna ta zo. Matar da ba ta taɓa halartar bikinsa ko ɗaya ba, ga ta a sahun gaba da farin mayafi, Mama a damanta, Goggo a hagunta. Da ya gama rantsuwa, maimakon ya koma kujerarsa sai ya sauko ya durƙusa a gabanta, a gaban alƙalai da sarakuna da masu ɗaukar hoto. Ta ɗora hannu a kansa har hularsa ta karkace, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin ta faɗa masa haka a fili ba. Filin ya kaure da kabbara da tafi. Kwalliyar da na ɓata safiya ina yi, hawaye suka wanke ta tas.

Ba zan ce mulkinsa babu kuskure ba. An ce yana da tauri, an ce ba ya jin shawara da wuri, kuma akwai gaskiya a ciki. Dangi ma sun yi ta ƙorafi. Ni kaina da na je masa da zancen ko za a ɗan duba ni, dariya ya yi ya ce, "Ke da makarantarki ma ba a jihata take ba?" Haka na koma Gyallesu na ci gaba da riƙe alli har na yi ritaya. Amma abin da ya je yi ya yi shi. Ya san harkar tsaro ciki da bai, ya san wanda za a zauna da shi da wanda za a fatattaka. Kafin ya sauka mutane sun koma garuruwansu, azuzuwan nan sun koma hannun ɗalibai, Goggo ta sake cika rumbu. Ya gama wa'adinsa ya miƙa mulki ya dawo gida, babu wanda ya bi shi da ƙara. Inna ta ga duk wannan kafin Allah ya karɓi abarsa.

In na tuna yanzu, abin da ya fi tsaya mini shi ne, na daɗe ina ɗauka jarumtar Yaya tana cikin aninin kafaɗarsa da yaƙe-yaƙen da ya je. Sai da na gan shi zaune a benci a tsakiyar titi, babu bindiga, yana shirin ya saki abin da ya wahala a kai don kada ɗan wani ya mutu, sannan na san ko wane ne yayana. Na kuma gane cewa a'ar da uwa take faɗa ba kullum taurin kai ba ne. Wani lokaci tana jira ne a kawo mata dalilin da ya kai nauyin abin da za ta bayar.

Kwanakin baya na shiga kasuwar Tudun Wada sayen gero. Mai hatsin ya ce daga jihar can yake saro shi, ya kama ba ni labari ba tare da na tambaya ba: wai a da ko ƙwaya ba ta fitowa daga yankin, sai da Allah ya kawo musu wani tsohon soja. Ya yi ta yabonsa yana auna mini. Na daure, na daure, na kasa. Na gyara mayafi na ce, "Ai yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya dube ni tun daga silifas ɗina har zuwa tsohuwar jakata, ya fashe da dariya. Ya ce, "Hajiya, in ragi kike so ki faɗa kawai. Mutumin nan ai duk wanda ya koma gonarsa ƙaninsa ne. Ni ma nan da kike gani yayana ne."

Ban yi musu da shi ba. Na ce, "To, ɗan'uwa, cika mini mudun."